Yadda ake sayen jitar bas mai ƙoƙo mai rahusa da yadda ake saita ta

Jitar bas mai ƙoƙo, wato wadda jikinta akwatin katako ne da yake fitar da sauti ba tare da lantarki ba, tana da tsirkiya huɗu da ake saita su a kan sautukan da ake kira E, A, D da G, daga mafi kauri zuwa mafi siriri. Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya san cewa muryarta ba ta da nisa. Tsirkiyar E tana kaɗawa kimanin sau 41 ne kacal a daƙiƙa guda, kuma sauti mai kauri irin wannan yana buƙatar ƙoƙo mai girman da ya wuce abin da za a iya rungumewa a cinya. Wannan ne ya sa lokacin da kamfanin Ernie Ball na Amurka ya fitar da samfurinsa na Earthwood a 1972, ya yi masa jiki mai faɗi da zurfi, yana kwaikwayon babbar jitar da makaɗan mariyaci na Meziko suke amfani da ita. Masu rahusa na yanzu ba su kai wannan girman ba. Suna isa mutum ya yi atisaye a ɗaki, ko ya raka jita guda da mawaƙi guda, amma da zarar ganga ta shigo sai muryarsu ta ɓace. Saboda haka shawara ta farko ita ce a zaɓi wadda take da na'urar ɗaukar sauti a cikinta, domin a iya jona ta da amfilifaya.

Abin da yake raba mai rahusa da mai tsada galibi ba katako ba ne kaɗai, lokacin da ma'aikaci ya ɓata a kanta ne bayan an gama haɗa ta. A masana'antar da take fitar da dubbai, babu mai zama ya daidaita tsayin kowace tsirkiya. Wannan aiki mai saye zai iya yin sa da kansa. Abin da ba zai iya gyarawa da araha ba shi ne ginin jitar, don haka a nan ne ya kamata idonsa ya tsaya a wurin saye.

A fara da jaki, wato katakon da aka manna a fuskar jitar wanda tsirkiyoyin suke ɗaure a jikinsa. Tsirkiyoyi huɗun suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 70 dare da rana. A ɗauki 'yar takarda a gwada cusa ta ƙarƙashin gefensa na baya; idan ta shige da nisa, gam ya fara saki, sai a ajiye wannan a nemi wata. A duba fuskar jitar ta gefe, ko ta kumbura sosai a bayan jakin ko ta lotsa a gabansa. Daga nan a ɗora doguwar rula a kan firet-firet na wuya, wato siraran ƙarafan da aka jera a kansa inda ake danne tsirkiya, a tura ta har ta isa jakin. A jitar da wuyanta ya zauna daidai, bakin rular zai sauka daf da saman katakon jakin. Idan ya tunkuyi jakin can ƙasa, wuyan ya riga ya sunkuyo, kuma cire shi a sake dasa shi aiki ne da kuɗinsa zai iya wuce na jitar gaba ɗaya. A kuma lura da sirdi, wato siririn ƙashi ko robar da take zaune a cikin jakin: idan tsirkiyoyi suna da tsayi alhali sirdin ya riga ya kusa nutsewa, babu sauran abin da za a rage.

Bayan haka a ɗaga jitar kamar mai saita bindiga, a hangi wuyan daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa ba laifi ba ne, ana gyara shi, amma wuyan da ya murɗe, ɓangare guda ya fi ɗaya tashi, ba a sayen sa. A shafa gefen wuyan da yatsa a ji ko bakin firet yana yanka, a danna kowane firet a kan kowace tsirkiya, a juya kunnuwan ɗaure tsirkiya a ji ko suna kamawa. A ƙarshe a jona ta da amfilifaya a tabbatar tsirkiyoyin huɗu suna fita da ƙarfi ɗaya.

Batun tsawo zaɓin mutum ne. Tsawon da aka saba da shi daga matashin sama, wato ɗan ƙashi ko roba mai tsage-tsage da tsirkiyoyi suke hawa a ƙarshen wuya wajen kan jitar, zuwa sirdi inci 34 ne, akwai kuma na inci 32 da na 30, waɗanda suka fi sauƙi ga mai gajeren hannu ko da yake tsirkiyar E tana ɗan yin sako-sako a kansu. Kamfanoni irin su Ibanez, Fender, Dean da Harley Benton duk suna da masu sauƙin kuɗi. Fuskar da aka yi da katako guda ta fi daɗin murya, amma ta fale-falen katako ta fi jure sauyin yanayi, kuma a ra'ayina ga wanda zai riƙa jonawa da amfilifaya bambancin bai kai a ƙara kuɗi mai yawa dominsa ba.

Idan an kawo ta gida, sai a bar ta ta kwana ɗaya ko biyu ta saba da iskar ɗakin, sannan a fara saiti. Jerin aikin yana da muhimmanci, domin kowane mataki yana canza na bayansa: tsirkiya, wuya, matashi, sirdi.

Tsirkiyoyin da suka zo da ita sau da yawa sun tsufa a ajiya, sai a canza su. Waɗanda aka fi sawa su ne na tagulla, masu kauri daga .045 zuwa .100 na inci ko kusa da haka. Suna da ƙarfin murya, amma suna yin ƙara idan yatsa ya zame a kansu. Masu santsi ko masu rufin nailan ba sa wannan ƙarar, sai dai muryarsu ta fi ƙasa. A cusa ƙullin tsirkiyar cikin ramin jakin, a danna turken da yake riƙe ta, a ɗan ja ta sama har a ji ƙullin ya kama katakon ciki. Naɗi biyu zuwa uku a kan kunne ya isa, kowane naɗi a ƙarƙashin na baya. A saita murya, a ja kowace tsirkiya da hannu a hankali, a sake saitawa har ta daina sauka.

Sai wuya. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da take hana tsirkiyoyi tanƙwara shi, kuma ana samun kanta ta ramin ƙoƙo ko a kan jitar a ƙarƙashin wani ɗan murfi. A danne tsirkiyar E a firet na farko da kuma firet ɗin da wuya ya haɗu da jiki, sannan a duba tazarar da ta rage tsakanin tsirkiyar da firet na 7 ko na 8. Abin da ake nema kimanin milimita 0.3 zuwa 0.4 ne, kamar kaurin katin adireshi. Idan tazarar ta yi yawa, a juya sandar dama da makulli mai kusurwa shida wanda ya yi mata daidai. Idan babu tazara ko kaɗan, a juya hagu. Kada a wuce kwatan juyi a lokaci guda, a sake saita murya, a ba katakon lokaci kafin a sake aunawa. Idan sandar ta cije ta ƙi juyawa, a tsaya a kai wa gwani, domin idan ta karye gyaranta yana da wuya. Mutane da yawa suna ɗaure wannan sanda don su saukar da tsirkiya, alhali ba aikinta ba ke nan.

Matashin sama ana gwada shi ne ta hanyar danne tsirkiya a firet na 3 a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na farko. Ya kamata a ga 'yar tazara da ƙyar. Idan ta yi yawa, firet-firet na farko za su yi tauri kuma muryarsu ta haura, sai a zurfafa tsagin da zarto siriri, kaɗan-kaɗan, ana gangarawa wajen kan jitar.

Aikin sirdi shi ne ya fi canza yadda jitar take a hannu. A auna daga saman firet na 12 zuwa ƙasan tsirkiya. Kimanin milimita 3 a kan E da 2.5 a kan G wuri ne mai kyau na farawa, mai bugu da ƙarfi kuwa ya bar ta sama da haka don kada tsirkiya ta riƙa dukan firet. Firet na 12 yana tsakiyar tsirkiya ne, saboda haka duk abin da ake so a rage a can, ninkinsa biyu za a cire daga sirdi: don a sauke milimita 1, sai a goge milimita 2. A sassauta tsirkiyoyi, a zaro sirdin a hankali, domin a ƙarƙashinsa ne siririn zaren ɗaukar sauti yake kwance kuma ba ya jure lanƙwasa. A ja layi da fensir, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi, a goga ƙasan sirdin, ba samansa ba, ana riƙe shi a tsaye. Dole ƙasan ya fito sumul a miƙe. Idan ya karkace, wata tsirkiya za ta yi ƙara a amfilifaya wata ta yi shiru. A yi rabin aikin a mayar a gwada, kuma ya fi kyau a sayi sirdi na biyu a yi aikin a kansa a ajiye na asali. A bar aƙalla kimanin milimita 2 na sirdin a saman jakin don tsirkiya ta samu abin da za ta danna.

Daga nan a gwada daidaiton murya: a saita tsirkiya ba tare da an danne ta ba, sannan a danne ta a firet na 12 a duba na'urar saiti. Idan na'urar, wadda take nuna ko murya ta yi daidai, ta nuna muryar ta haura, ana goge saman sirdin ta yadda wurin da tsirkiyar take zaune zai koma baya, nesa da wuya. Sirdin siriri ne, don haka ɗan bambancin da ya rage sai a yi haƙuri da shi.

A sa wa na'urar ɗaukar sauti sabon batir mai ƙarfin bolt 9, kuma a riƙa zare waya bayan an gama kiɗa, domin barin ta a jone yana cinye shi. Idan jitar tana kuwwa kusa da lasifika, murfin roba da ake toshe ramin ƙoƙo da shi yana rage matsalar. A ajiye ta cikin jakarta nesa da rana da zafin mota, a wurin da laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, sannan a sake auna wuyan duk lokacin da yanayi ya juya ko aka canza kaurin tsirkiya.