Yadda nake lallaɓa Camry ɗita ba tare da na tare a gareji ba

Shekara shida ke nan ina hawa Toyota Camry ƙirar 2010, wadda dillalan mota suke ce wa Masul. 'Yar Amurka ce, silinda huɗu, inji lita 2.5, kuma sai da wani ya ɗan more ta a nan gida kafin ta zo hannuna. Da ita nake zuwa aiki, da ita ake kai yara makaranta, duk Sallah kuma ita ke kwasar mu daga Kano, mu bi ta Gwarzo mu faɗa Malumfashi gaida Hajiya. Ba ta taɓa kwana a hanya ba. Sau ɗaya ta so ta yi, shi ma laifina ne.

Fara da duba agogon tafiyar motarka. In daga Amurka ta zo, da mil yake lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na san mutumin da aka ce masa ya riƙa juyen baƙin mai duk kilomita dubu biyar, yana ta ƙirga dubu biyar a agogon mil, ashe kilomita dubu takwas yake yi da mai ɗaya a cikin ƙurar Kano. Ni duk mil dubu uku nake juye, ko wata shida, wanda ya riga zuwa.

Maganar baƙin mai ita ce inda muka fi saɓawa da bakanikena. A jikin murfin da ake zuba man an rubuta 0W-20, wato mai tsinkakke. Shi kuwa kullum sai ya ce, “Alhaji, wannan ai ruwa ne, na ƙasar sanyi ne, a zuba mata mai kauri.” Mai kaurin da yake nufi 20W-50 ne, wanda ya saba zuba wa tsofaffin Fijo da Golf. Injin nan yana da wasu 'yan ƙananan hanyoyi da mai ke bi ya sarrafa lokacin buɗewar bawul, mai kauri kuwa ba ya isa can da wuri, musamman da asubar hunturu. Mun daidaita a kan 5W-30, kuma ban ga aibunsa ba. Da kaina nake sayo galan mai lita biyar, a gabana ake ɓalle murfinsa, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Motar tana shan kusan lita huɗu da rabi, ragowar sai in jefa a but.

Ka tsaya a kansu lokacin canza filta. Ta wannan injin ba irin ta gwangwani ba ce da ake murzawa a yar. Takarda ce da ake sakawa a cikin wani kofi a ƙasan inji, kuma kofin yana da sifanarsa ta musamman. Rannan na leƙa ƙarƙashin motar na tarar da yaron gareji ya kafa kurfi a gefen kofin yana shirin sauke masa guduma. Da na ƙyale shi, da tuni ina yawon neman wani a kasuwar Ƙofar Ruwa. Washegari na sayi sifanar, tana cikin motar har yau. A cikin kwalin filtar akwai zoben roba sabo, ka tabbatar an sa shi, don sau da yawa tsohon ake mayarwa.

Kowace Asabar da safe, kafin in tayar da ita, nakan buɗe bonet. Minti goma ya isa. In zaro sandar gwajin mai, in goge ta da tsumma, in mayar, in sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun nan, ya fi kusa da na sama. In duba robar ruwan lagireto da ta man birki, in leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Wanda tasa ƙirar 2007 zuwa 2009 ce mai injin 2.4, wannan dubawar ta zame masa dole, domin an san injin da shan baƙin mai, har kamfanin ya ƙara wa masu irin motar wa'adin garanti a Amurka saboda haka. Mota za ta yi ta tafiya lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara, alhali man ya yi ƙasa.

To, ga labarin ranar da ta so ta ba ni kunya. Wata uku kafin nan na lura ruwan lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan. Maimakon in nemi inda yake bi, sai na riƙa cikawa da ruwan leda, wani lokaci ma na burtsatse. Ranar jajiberin ƙaramar Sallah, cikin zafin nan da iska ke busowa kamar daga bakin tanda, mun wuce Gwarzo kaɗan sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Na kashe esi, na gangara gefe ƙarƙashin wata darbejiya, na kashe inji. Wani bawan Allah mai babur ya tsaya, hannunsa har ya kai kan murfin lagireto. Na ce masa, “Malam, don Allah bar shi ya huce.” Ruwan ciki a matse yake kuma ya wuce tafasa, ka buɗe a lokacin, fuskarka ce za ta karɓa. Sai da muka yi fiye da rabin awa a zaune, yara suna ta mita, sannan na sa tsumma na murɗa murfin a hankali, na ƙara ruwa, muka lallaɓa.

Famfon ruwa ne yake yoyo. Da aka kwance, ga wani busasshen abu ruwan hoda ya daskare a gefensa, alamar ya daɗe yana faɗa mini ban ji ba. Ruwan da aka zubar kuwa ja-ja ne kamar na kududdufi. Ruwan rijiya yana barin farin dattin nan da ake gani a gindin butar shayi, kuma yana sa tsatsa. Tun daga ranar ba na zuba komai sai ruwan lagireto na asali, mai launin hoda, wanda yake zuwa a haɗe ba a ƙara masa ruwa.

A wajen gyaran ne aka kawo mini shawarar da kowane mai mota zai ji wata rana: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Kada ka yarda. Tamostat yana tsare ruwa ne har inji ya kai wajen digiri 82 kafin ya sake shi. In babu shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Ga shi tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ba mai son a ƙara masa ko cokali ɗaya. Ainihin abin da ya kawo zafin kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Fetur ɗin ma, na san halin da ake ciki, amma ka daure kada allura ta riƙa kwana a ja. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi. Tankin lita 70 ne. Ba na bari ya gaza kwata. Man 'yan bumburutu sai in ya zama ba yadda zan yi.

Giyar wannan motar mai canza kanta ce, hawa shida, kuma ba ta da sandar gwaji. Man da take sha sunansa WS. Duk wanda ya ɗauko maka jan mai a jarka ya ce ai duk ɗaya ne, ka ɗauke motarka. Ni sau biyu aka canza mini, a wajen mai gyaran giya zalla, don sai man ya kai wani mizanin ɗumi ake daidaita yawansa.

Sai fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji, wadda ke hana sabon mai mota barci. In ta kama ta tsaya cak, kuma motar tana tafiya daidai, kana iya isa gida. In tana ƙyaftawa, inji na karkarwa, tsaya. Na sayi 'yar ƙaramar na'urar gwaji da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, tana turo lambar matsalar a waya, kuma ta fanshi kuɗinta tun a watan farko. Ta nuna P0302, ma'ana silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai. Na kwance kwayil na biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, na musanya shi da na uku, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da kowanne. Na zagaya unguwa na dawo, lamba ta koma P0303. Shi ke nan, kwayil ɗaya na saya. A gareji an riga an yi mini lissafin kwayil huɗu, fulogi huɗu da wankin nozul. In ka ga P0171 bayan hazo, ma'ana iska ta yi wa fetur yawa a inji, fara da filtar iska da 'yar na'urar da ke auna iska a bayanta. Akwai feshin da ake wanke ta da shi, kada a taɓa siririyar wayar ciki da hannu ko buroshi.

P0420 kuwa ita ce ƙofar da ake bi a raba ka da indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Za a ce ta toshe, a fasa a zubar. Ba zubarwa ake yi ba, akwai ƙarafa masu tsada a ciki, irin su filatinam, kuma akwai masu saye. In har ta lalace da gaske, a cire a gabanka a ba ka abarka.

Ƙafa ita ce ke cin 'yan kuɗi a kai a kai, kuma hanyoyinmu ne sila. Motar gajera ce, ga tudun rage gudu a kowace unguwa, ga buhun masara da Hajiya ba ta yarda mu taho ba shi. In ka ji ƙwas-ƙwas a gaba kan gargada, a fara duba 'yan sandunan sitabilaiza da bushin kafin a kai ga shokozoba. Sau uku ina jin ƙarar, sau biyu abin araha ne. Taya kuma, iskar da ta dace tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Masu faci sukan ɗura fiye da haka, gejinsu ma ya sha faɗuwa, shi ya sa na sayi nawa nake aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Wajen saye ka nemi lamba huɗu a gefenta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Taya mai zane raɗau da ta shekara takwas a sito, titin Zariya da tsakar rana zai tona mata asiri.

Ƙananan abubuwa: in esi ya rage hurawa, kafin a ce maka gas ne, zaro filtar da ke bayan aljihun gaban fasinja ka gani, tawa bayan hunturu kamar an yi shara da ita. Dashbod ɗin irin wannan ƙirar yana yin danƙo in rana ta dafa shi, don haka tun ranar farko na shimfiɗa masa mayafi. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da 'yar kanwa yana wanke shi tas. Da damina, in ruwa ya kai rabin taya, ka jira ko ka sake hanya, in kuma ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murɗa makulli.

Akwai ɗan littafi mai bangon shuɗi a aljihun motar, wanda na ƙwace a hannun 'yata da ta gama aji uku. Duk abin da aka taɓa ina rubuta kwanan wata, lambar agogo da abin da na biya. Shi ya raba mu gardama da bakanike ranar da ya rantse shekara biyu ba a canza takalmin birki ba, alhali wata bakwai ne. Abu na ƙarshe da na rubuta a ciki shi ne shokozoba ta baya, ɓangaren hagu, ta fara jiƙewa da mai. Biyun zan canza tare, in albashi ya shigo.