Yadda ake tantance wayar ƙasar waje kafin a saya, don kada ta ƙi layinka

Duk wanda ya leƙa tallan kamfanonin sadarwa na Amurka zai ga abin mamaki: sabuwar iPhone ko Samsung fil, an rubuta mata ’yan daloli a wata, wani lokaci ma a ce kyauta. Bashi ne aka yi wa ado. Kamfanoni irin su Verizon da AT&T da T-Mobile suna ba mutum waya ne da sharaɗin zai zauna a kan layinsu yana biya har wata 24 ko 36, kuma sau da yawa suna kulle wayar yadda ba za ta karɓi layin wani kamfani ba sai an cika sharuɗɗansu. Mu kuwa tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, tsarinmu daban ne: ka sayi wayarka da kuɗinka, ka sayi layin da ka ga dama, ka sa kati. Daga wannan bambanci ake samun yawancin asarar masu sayen wayar da ake kira “London yus”, ko wadda ɗan’uwa ya aiko daga waje. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na farko: gano ƙasar da aka yi wa wayar

Suna ɗaya ba ya nufin waya ɗaya. Kamfani yakan fitar da samfuri guda, amma wanda ya kai Amurka daban, na Turai daban, na China daban. A iPhone, shiga Settings, sai General, sai About, ka duba lambar samfuri. Haruffan ƙarshe su ne ke faɗin asalinta: LL/A ta Amurka ce, B/A ta Ingila, CH/A ta China, J/A ta Japan, AE/A kuma ta yankin Dubai. Harafin farko ma yana da labari. M na nufin sabuwa aka sayar da ita, F na nufin kamfani ya gyara ya sake sayarwa, N kuwa wadda aka ba wani ce a madadin tasa da ta lalace. A Samsung, lambar tana farawa da SM, kuma harafin da ke ƙarshe ne abin dubawa: U ta kamfanonin sadarwar Amurka ce, U1 ta Amurka wadda ba a kulle ba, N ta Koriya, B kuwa ita ce ake kai wa Turai da Afirka da sauran ƙasashe da dama.

Kada ka dogara da kwali. Kwali ana buga shi, ana kuma musanya shi. Danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke cikin About da wadda ke jikin kwalin. In suka saɓa, ajiye wayar ka yi gaba.

Mataki na biyu: tabbatar ba a kulle take ba

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. A iPhone mai iOS 14 zuwa sama, a wannan shafin na About akwai wurin da aka rubuta Carrier Lock. In ka ga “No SIM restrictions”, a buɗe take. In ka ga wani abu daban, a kulle take, kuma kamfanin da ya kulle ta ne kaɗai ke iya buɗe ta buɗewa ta gaskiya. Shi kuma ba zai buɗe ba matuƙar akwai sauran bashi a kanta. Misali, mutumin da ya karɓe ta a can ya biya wata uku ya daina, ya sayar, ta bi hannu da hannu har ta iso Computer Village a Ikeja, daga nan ta hau mota zuwa Farm Centre a Kano. Kai da ka saya ba ka san shi ba, ba ka da hanyar biyan bashinsa.

Wayar Ingila ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta hana kamfanoni sayar da waya a kulle tun Disambar 2021. Kanada ta riga ta, tun 2017. Ta Amurka ce ke buƙatar ido sosai.

Akwai dabarar da wasu ’yan waya ke yi, kuma ya kamata ka san ta. Suna sa wani ɗan siririn falle mai kama da takardar gwal a ƙarƙashin layi, ya yaudari wayar ta ɗauka layin kamfaninta ne. Za ka ga sabis ya kawo, ka yi kira ya shiga, ka biya ka tafi. Ran da ka sauya layi ko ka sabunta manhajar wayar, tana iya rufewa. Saboda haka kada ka gwada waya da layin mai shago. Karɓi allurar, ka zaro mazaunin layin da hannunka, ka juya shi ka duba ƙasansa da kyau, sannan ka sa naka. In kana da layi biyu, MTN da Airtel misali, gwada kowanne. Mai gaskiya zai gaya maka tun farko cewa mai falle ce, ya kuma rage kuɗi sosai. Ni dai shawarata ko an rage kada ka saya, sai in don kallo da ɗaukar hoto kawai kake son ta.

Mataki na uku: duba ko tana da wurin sa layi ma

Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin layi kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. A 2025, da iPhone 17 ta fito, an faɗaɗa wannan tsari zuwa wasu ƙasashe, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Alhazai da masu Umara da ’yan kasuwar Dubai su lura da wannan kafin su yi tsaraba. MTN da Airtel suna ba da eSIM a Najeriya, amma ka fara tambaya a ofishinsu mafi kusa da kai, kuma ka tafi da lambarka ta NIN. Wanda ke ƙauye, ko mai yawan tsallakawa Maraɗi ko Damagaram yana sauya layi a hanya, wayar da ba ta da rami za ta wahalar da shi.

Za ka kuma haɗu da waɗanda aka huda, wato mai gyara ya buɗe wayar Amurka ya dasa mata mazaunin layi. Tana iya yin aiki, amma an riga an taɓa cikinta, kariyar ruwa ta raunana, kuma babu wani garanti da ya rage. Ta China da Hong Kong kuwa yawancinsu layi biyu na kati suke ɗauka, shi ya sa ’yan kasuwarmu ke son su.

Mataki na huɗu: zangon sabis

Kowane kamfani yana da zangon da yake watsa sabis ɗinsa a kai, kuma dole wayar ta iya kama shi. A Najeriya, 4G yana tafiya ne galibi a kan zango na 3 da na 7 da na 20 da na 28, Glo kuma an san ta da na 28. Shi kuwa 5G, wanda MTN ta fara a 2022 Airtel ta biyo baya a 2023, a kan n78 yake. Manyan wayoyi masu tsada yawanci suna da waɗannan. Matsalar tana ga ƙananan wayoyin da aka ƙera musamman don wani kamfanin Amurka, da wasu na cikin gidan China da ba su da zango na 20. Irin wannan waya za ta yi kira lafiya, amma data tana iya maƙalewa a 3G. Zango na 20 da na 28 su ne masu nisan tafiya da ratsa bango, don haka mazaunin bayan gari ya fi kowa buƙatarsu. Rubuta cikakkiyar lambar samfurin a intanet ka karanta jerin zangonta, sannan a shago ka kashe Wi-Fi, ka kunna datarka, ka ga ko 4G zai bayyana a saman fuska.

Mataki na biyar: a goge ta a gabanka

Ka sa mai shago ya mayar da wayar kamar sabuwa, sannan ka kunna ta da kanka tun daga farko. In ta nemi asusun iCloud ko na Google na wani, to mai ita bai sake ta ba, wataƙila ma ta sata ce, kuma ba na son ka shiga wannan. In ta nuna cewa wani kamfani ko makaranta ne ke kula da ita, ita ma bar ta. Haka nan wayoyin da ake bayarwa bashi a nan gida, ana biya kaɗan-kaɗan, suna kulle kansu in an daina biya, kuma wasu na sayar da su kafin su gama.

A wayar Android da ta fito daga China, buɗe Play Store ka sauke wani abu. Xiaomi da Oppo da Vivo na cikin gidan China ba sa zuwa da shi a shirye, sababbin Huawei kuma sun rasa manhajojin Google tun bayan takunkumin Amurka na 2019. Gwada manhajar bankinka musamman, don ita ce ta fi saurin ƙin wayar da aka yi wa dabara.

Mataki na shida: rasit da yarjejeniya

A rubuta maka lambar IMEI a kan rasit, da sunan shago, da kwanakin da za ka iya dawo da ita in ta ba da matsala. Garantin ƙasar waje sau da yawa ba ya aiki a nan. Wanda kuɗinsa bai kai ya ɗauki kasada ba, gara ya sayi sabuwar Tecno ko Infinix ko itel, waɗanda kamfanin Transsion ke ƙerawa don kasuwanni irin namu: layi biyu, batir mai jimiri, da wuraren gyara na Carlcare a manyan garuruwa. In kuwa ɗan’uwa ne zai aiko maka daga Amurka, gaya masa ya saya kai tsaye daga kamfanin da ya ƙera ta, ya zaɓi wadda ba a ɗaure da kowane layi ba, ya biya kuɗin duka, sannan ya turo maka hoton shafin About kafin ya ba matafiyi.