Yadda za ka saurari Ray Charles daga tushe

Na yi shekaru ina jin Ray Charles, mawaƙi kuma makaɗin fiyano ɗan Amurka, ta baibai. Na fara da waƙoƙin da suka kai sunansa duniya, na ji daɗinsu, amma ban gane dalilin da ake ta kambama shi ba. Sai da na jera faifansa bisa shekarun da aka naɗe su kunnena ya buɗe. Idan za ka iya ware maraice uku, kuma kana da intanet da abin sawa a kunne, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi.

Kafin ka kunna komai, san yaron tukuna. An haife shi ranar 23 ga Satumba 1930 a Albany ta jihar Jojiya, ya tashi a Greenville ta Fulorida, cikin talauci da wariyar launin fata ta kudancin Amurka. Wani mai ɗan gidan abinci, Wylie Pitman, shi ya fara ɗora masa yatsu kan fiyano. Ƙaninsa George ya nutse a bahon wanki yana kallo, ba a daɗe ba ganinsa ya fara dushewa, yana shekara 7 ya makance. Daga 1937 zuwa 1945 yana makarantar kurame da makafi ta St. Augustine, kuma abin da nake so ka riƙe yana nan. Mai koyon fiyano da rubutun makafi, hannu ɗaya ke shafa takarda, ɗaya na kan fiyano, sai a sauya, sai a haddace duka biyun a haɗa. Wanda ya koya haka, kansa ne takardarsa. Shi ya sa daga baya yake zama ya faɗa wa kowane mai busa abin da zai busa, da ka. Mahaifiyarsa ta rasu a 1945, ya bar makaranta, ya shiga neman na abinci da kiɗa a Jacksonville, Orlando da Tampa.

Maraice na farko kada ka fara da shi. Nemi faifan mawaƙi Nat King Cole na shekarun 1940, lokacin yana da ƙungiyar mutum uku, ka haɗa da na Charles Brown. Ji yadda suke rera waƙa a hankali, kamar masu raɗa. Bayan kamar rabin awa, kunna waƙar Ray “Confession Blues” ta 1949. Za ka yi murmushi, don saurayin nan kwaikwayo yake yi ƙarara. A 1948 ya hau safa daga Fulorida zuwa Siyatil, birnin da ya zaɓa saboda nisansa, a can ya kafa tasa ƙungiyar ta mutum uku, a can kuma ya haɗu da Quincy Jones, wanda daga baya ya shahara wajen tsara kiɗa, yana ɗan yaro. Cikakken sunansa Ray Charles Robinson ne, amma ya ajiye Robinson ɗin, don kada a riƙa rikita shi da ɗan damben nan Sugar Ray Robinson. “Confession Blues” ta kai ta 2 a jadawalin waƙoƙin baƙaƙen fata na mujallar Billboard. A shekarar ne ma mujallar ta daina kiran wannan jadawali da sunan launin fata ta koma kiransa R&B, wato rhythm and blues.

Kada ka yi saurin wuce wannan zango don ka ji aro ne. Na baya ka saurara: hannun hagunsa, da yadda yake barin fili tsakanin baiti da baiti. Muryar ta aro ce, amma hannun nasa ne tun a lokacin.

Maraice na biyu shi ne mai nama. A 1952 kamfanin faifai na Atlantic, na Ahmet Ertegun, ya sayi kwantiraginsa daga kamfanin Swing Time kan dala 2,500. Saurari abin da ya naɗa a 1952 da 1953 a jere, za ka ji mutum yana lalube: yau murya mai santsi, gobe mai kaushi. Yawon da ya yi da ƙungiyar mawaƙi Lowell Fulson ya riga ya koya masa abin da ke tada masu rawa.

Daga nan dakata, ka nemi waƙar bishara ta ƙungiyar Southern Tones mai suna “It Must Be Jesus”. Ji ta sau biyu har karin ya zauna maka. Sai ka bi ta da “I Got a Woman”, wadda aka naɗa a Nuwamba 1954 a wani gidan rediyo na Atlanta. Kari ɗaya ne, tashin murya irin na coci, amma Ray da mai busa masa ƙaho, Renald Richard, sun cire yabon Ubangiji sun sa yabon mace. Ta hau ta 1 a jadawalin R&B a 1955, masu coci da yawa kuma ransu ya ɓaci. Ni dai ban ga laifinsu ba, an ɗauki abin ibadarsu an kai shi gidan rawa. Amma in ka ji biyun a jere za ka gane cewa bai ƙirƙiro sabuwar murya ba, komawa ya yi ga wadda ya tashi yana ji ranar Lahadi. Na maimaita wannan gwaji ya fi a ƙirga, har yau yana tada min tsikar jiki.

Hattara da tarko biyu. Tarin waƙoƙin da ake sawa a YouTube da Spotify sukan ɗauki shekarar da aka sake fitar da su, don haka duba ranar naɗi, kada ka yarda da ranar da ke jikin hoton. Sannan waƙoƙin nan ya rera su sau ba adadi a dandali bayan ya tsufa. Masu daɗi ne, amma ba su kake nema yanzu ba. In ka ji tafi da tarin goge a baya, ka ɓata hanya.

Maraice na uku gajere ne. Kunna “What'd I Say” ta 1959, ɓangarorinta biyu. Asalinta cike gurbi ne: waƙoƙinsu suka ƙare a wani taron rawa da sauran lokaci, ya fara kaɗa fiyano mai lantarki ya ce da matan da ke masa amshi, Raelettes, su maimaita duk abin da ya faɗa. Bayarwa da amshin nan na mai wa'azi da jama'arsa ne, sai dai nishin da ke ciki ya sa wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta. A ƙarshen shekarar ya koma kamfanin ABC-Paramount, da sharaɗin asalin faifansa su zama mallakinsa, abin da ba kasafai mawaƙi ke samu ba a wancan zamani. Yana da shekara 29.

A nan nake tsayawa. In da sauran lokaci, koma ka sake kunna faifan 1949 nan take, ka ji ko za ka yarda mutum ɗaya ne.