Shawara ga malamai masu musayar zane da makarantun ƙasashen waje

Salamu alaikum malamai. Duk mai shirin haɗa ajinsa da wata makaranta a waje, a ce Faransa, kada ya fara da cewa yara su zana "al'adarmu". Rawani da kalangu za su yi ta zanawa, can ma su aiko da hasumiyar Eiffel, kowa ya tashi da tunanin da ya zo da shi.

Gara kowane ɓangare ya zana yadda yake zaton rayuwar ɗayan take: ɗakin kwana, karin kumallo, hanyar makaranta. A ɗauki hoto a tura ta WhatsApp. Nan gurguwar fahimta ke fitowa fili. Kada ku yi mamakin ganin bukkoki da zakuna, namu kuma su ba kowane Bature mota uku. Ban da faɗa, don Allah. Yaron da aka zana gidansu shi zai gyara hoton da hannunsa, ya mayar da bayani.

Inda iyaye ba sa son zanen mai rai, lalle, dagi da adon bango irin na gidajen Zariya sun wadatar. Baje kolin kuwa ku sa shi 16 ga Nuwamba, ranar haƙuri da juna ta duniya.