Yadda nake ƙera maɓallin murɗa sauti a manhaja

Masu haɗa waƙa da nake hulɗa da su nan Sakkwato yawanci da laftof suke aiki, da yatsa suke ja, ba linzami. Shi ya sa maɓallin murɗawa nakan sa a ja shi sama ko ƙasa. Ja a zagaye wahala ce kawai.

Fara da kusurwa. Bari maɓallin ya juya digiri 300, kamar daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 5 a fuskar agogo. A JUCE, wato kayan aikin rubuta manhajar sauti, cikin LookAndFeel (sashen da ke kula da kamannin maɓallai) ake rubuta aikin da ake kira drawRotarySlider, nan za ka zana da'irar da alamarta. In hotuna ka fi so, KnobMan, manhajar zana maɓallai, zai jero maka su, hoto ɗaya ga kowane matakin juyi. Hotuna 128 sun wadatar, daidai da matakan MIDI (tsarin da kayan kiɗa ke aika saƙo ga kwamfuta), 0 zuwa 127.

Ma'auni ne ke kayar da mutane. Kunne na ji daga 20 zuwa 20,000 Hz (awon kauri ko sirantar sauti). In ka raba wannan tazara a kan maɓallin daidai-wa-daida, tsakiya ta faɗa wajen 10,000, duk ƙugin kalangu ya matse a ɗan lungu guda, ba ka iya saita shi. A JUCE, kira setSkewFactorFromMidPoint, ka zaunar da tsakiyar a 1,000.

Alamar ta zama fara mai kauri, don ranar garin nan ba ta barin toka-toka ya fito a allo. Danna sau biyu kuma ya maido shi inda ya faro.