Ƙaramar bindiga a gida ga mai raunin hannu

'Yan uwa mazauna Amurka da doka ta ba ku izinin ajiye ƙaramar bindiga, ga shawara kan iyayenmu da masu ciwon gaɓɓai. Abin da ya fi ba su wahala shi ne ja da murfin saman bindigar baya. Kada Baba ya tsunkule shi da yatsu biyu. Ya matso da bindigar kusa da ƙirji, bakinta na kallon inda ba kowa, yatsa nesa da kunama, ya damƙe murfin da tafin hannu ɗaya, ɗayan hannun ya tura jikin bindigar gaba da ƙarfin kafaɗa. A gwada da harsashin gwaji na roba wanda ba ya tashi, ba na gaske ba.

Idan hakan ya gagara, akwai Shield EZ ta kamfanin Smith & Wesson, wadda aka yi don masu irin wannan matsala. Mai juyi kuwa, wato rabolba, ni ban cika ba da shawararta ba, kunamarta tana da tauri.

Ajiya kuma sai akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi, saboda jikoki. Na zanen yatsa yakan ƙi karanta busasshiyar fatar tsofaffi.