Yadda za ka bi diddigin hukuncin addu'ar idi a shari'ar Yahudawa

Wani ƙanena da ke aiki a masaukin baƙi a unguwar Osu da ke birnin Accra na ƙasar Ghana ya same ni a gida a Nima bayan la'asar da tambaya a bakinsa. Yahudawa biyu ne suka sauka a wurinsu cikin watan Afrilu, ɗaya daga Landan, ɗaya daga Isra'ila, kuma a safiya guda na Landan ya ce masa yau idi ne, na Isra'ila kuwa ya ce nasa idin ya ƙare tun daren jiya, amma duk da haka bai shiga mota ba. Ya ce mini, "Yaya, wanne ne ya yi kuskure a cikinsu?" Na ce masa babu ko ɗaya, kuma hanyar da na bi da shi har ya gamsu ita ce zan shimfiɗa a nan domin ɗalibi da malami da duk wanda hulɗa ta haɗa shi da waɗannan mutane.

Ka fara da tambayar inda hukuncin ya samo asali. Shari'arsu, wadda suke kira halaka, tana bambanta abin da Attaura ta wajabta da nassinta, da abin da malamai suka kafa daga baya, da abin da jama'a suka saba yi har ya zama minhag, wato al'ada mai ɗaure mutum. Kiyaye Idin Ƙetarewa da Idin Makonni da Idin Bukkoki yana cikin nassi. Lafazin addu'o'in da ake yi a ranakun kuwa aikin malamai ne, mafi yawansa ya daidaita ne bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, lokacin da addu'a ta tsaya a madadin hadaya. Saboda haka ne addu'ar tsayuwa, Amida, mai albarka 19 a ranakun aiki take komawa 7 a ranar idi, sannan a ƙara wata mai suna Musaf a gurbin ƙarin hadayar da ake yi a da. Hujjar da malamai suka dogara da ita wajen kafa irin waɗannan dokoki tana cikin Attaura, a littafin Maimaitawar Shari'a 17:11, inda aka hana kauce wa hukuncin alƙalai dama ko hagu, kuma da ita ne Talmud, babban kundin muhawarar malamansu, ya amsa mai tambayar yadda za a ce Allah ya umarta game da abin da malamai ne suka tsara shi.

Daga nan sai ka tambayi inda mai addu'ar yake zaune, domin a nan amsar ƙanena take, kuma mu da muke kasa kunne ga sanarwar ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a daren ganin wata ba za mu sha wahalar fahimta ba. A zamanin da, shaidu ne suke zuwa gaban kotun malamai su ce sun ga jinjirin wata, a yi musu tambayoyi, sannan a ayyana. Mishna, tsohon littafin dokokin malamansu, ta ba da labarin yadda ake kunna wuta a kan Dutsen Zaitun, na tudu na gaba ya gani ya kunna tasa, har labari ya isa Babila a dare guda. Da Samariyawa suka fara kunna wutar da ke ruɗa mutane, sai aka koma aika manzanni, su kuwa ba sa isa garuruwa masu nisa kafin idi. Mutanen nesa sai suka riƙa kiyaye kwana biyu don kawar da shakka. A ƙarni na 4 aka tsayar da kalanda ta lissafi, wadda ake danganta wa Hillel na Biyu, shakkar ta gushe, amma saƙon da ya zo wa mutanen Babila shi ne su riƙe al'adar iyayensu. Har yau Idin Ƙetarewa kwana 7 ne a Isra'ila, kwana 8 a wajenta. Baƙon da ya zo daga Isra'ila da niyyar komawa yana yin addu'ar ranar aiki a ɗakinsa, amma yana barin aiki domin kada ya saɓa wa mutanen wurin da ya sauka. Ka kiyaye cewa Sabuwar Shekararsu kwana biyu ce ko a Isra'ila, Ranar Kafara kuwa kwana ɗaya ce ko'ina, kuma yawancin majami'un masu ra'ayin gyara sun bar kwana na biyu tun ƙarni na 19.

Labarin da ya fi bayyana mini nauyin ikon kotu shi ne na Rabban Gamliyel da Rabbi Yoshuwa. Sun saɓa a kan shaidar ganin wata, sai Gamliyel, wanda shi ne shugaba, ya umarci Yoshuwa ya zo masa da sandarsa da kuɗinsa a ranar da lissafin Yoshuwa ya nuna ita ce Ranar Kafara, ranar da ɗaukar kaya haramun ne. Yoshuwa ya tafi cikin baƙin ciki, amma ya tafi, Gamliyel kuwa ya miƙe ya sumbaci kansa, ya kira shi malaminsa kuma almajirinsa. A ganina duk wanda bai san wannan ƙissa ba zai riƙa ɗaukar maganar ranakun idi a matsayin lissafin taurari kawai, alhali a wurinsu ranar da kotu ta ayyana ita ce idi.

Tambaya ta gaba ita ce jama'ar da mutum ya fito daga cikinta. Littafin da ake komawa gare shi shi ne Shulhan Aruk na Yusuf Karo, malamin Safad, wanda aka buga a Venis a 1565 bisa al'adar Safardawa, zuriyar Yahudawan Andalus, sannan Musa Isserles na Krakow ya yi masa hashiya da al'adar Ashkanazawa na Turai, kuma a shafi guda ake buga su. Ɗauki misalin Hallel, wato Zabura 113 zuwa 118. Ana karanta ta cikakkiya a Idin Bukkoki da Idin Makonni da farkon Idin Ƙetarewa, amma a ranar sabon wata ana tsallake wani ɓangare na 115 da 116. Talmud ya ce malami Rab ya tarar da mutanen Babila suna karanta ta a sabon wata, ya yi niyyar hana su, da ya ji suna tsallakewa sai ya gane al'adar iyayensu ce ya ƙyale su. Shin ana yin albarka a kan abin da al'ada ce kawai? Karo ya kawo ra'ayin Maimonidis, babban malaminsu na ƙarni na 12, cewa ba a yi, ya ce haka ake yi a ƙasar Isra'ila, Isserles kuwa ya ce a ƙasashensu ana yi. Idan ka ga saɓani irin wannan, kada ka yi saurin neman wanda ya fi daidai, ka nemi sanin littafin da kowanne yake bi.

Akwai mas'ala guda da ta shafi ƙasarmu kai tsaye, ita ce ta roƙon ruwa. Ana fara ambaton ruwa a ranar rufe Idin Bukkoki, ainihin roƙon kuwa a Isra'ila yana farawa ne kwana 15 bayan idin, tazarar da aka bari tun asali don maziyarta su isa gida, a sauran duniya kuma a daren 4 ko 5 ga Disamba bisa yanayin Babila, a daina da shigowar Idin Ƙetarewa. Ke nan Bayahuden da ke Accra yana roƙon ruwa a tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa, ƙura ta rufe gari, sannan ya daina daidai lokacin da babbar daminarmu take kankama. Ba a yau aka ga wannan matsala ba. A 1313 Rabbi Asher ɗan Yehiyel, babban malamin Toledo, ya kawo hujja cewa a ci gaba da roƙo bayan idi tun da ƙasar na buƙatar ruwa, jama'a suka ƙi, shi kuwa ya janye don kada a rarrabu. Hukuncin da ya tabbata shi ne mai buƙatar ruwa a wajen lokacin ya sanya roƙonsa cikin albarkar "Mai jin addu'a", inda kowa ke kawo buƙatarsa, ya bar lafazin jama'a yadda yake.

Idan duk wannan bai warware maka ba, ka tambayi wanda yake yanke hukunci a wurin. Ba su da shugaba guda na duniya, malamin majami'a ne ke da ta cewa, suna kiransa mara de-atra, wato mai gidan wuri, kuma baƙo komai iliminsa yana bin tsarin majami'ar da ya shiga a addu'ar bayyane. Don haka abin da baƙon Osu ya faɗa maka kada ka ɗora shi a kan jama'ar Yahudawa ta Sefwi Wiawso, su sai ka tambaye su da kansu. Ƙanena kuwa na shawarce shi ya riƙa tambayar baƙo tun ranar saukarsa kwana nawa yake kiyayewa, ya tuna cewa ranarsu tana farawa da faɗuwar rana kamar tamu, sannan ya tanadar masa mabuɗin ƙarfe, domin mai kiyaye idi ba zai yi amfani da katin lantarki ya buɗe ƙofa ba.